Baƙuwar Maƙogwaro

Yara ne suka raɗa mata suna Anti Aa. Duk inda ta sauka da akwatinta, kafin gaisuwa ta yi nisa za ka ji ta ce, "To, buɗe baki, ka ce aa." Sunan ya bi ta daga makarantu zuwa ɗakin gwajin da take aiki, daga can ya bi ta gida, har wanta ma in ya so tsokana da shi yake kiranta.

Aikin nata da tsinke ake yinsa, dogo, da auduga a kansa. Ta danne harshe da ɗan katako, ta haska tocila, ta zura tsinken can ƙuryar maƙogwaro ta shafo, ta fito da shi kafin mutum ya yi yunƙurin amai. Sannan ta goga audugar a kan wani ɗan faranti mai launin hanta, ta rufe, ta rubuta lamba da shekarun mai bakin. Ba a rubuta suna. A ɗakin gwaji sai a jera farantan cikin akwatin ɗumi a ba su kwana ɗaya ko biyu. Wanda abin da ake nema ke cikinsa, sai ka ga ɗigo-ɗigo sun fito a kansa, toka-toka, suna sheƙi kamar raɓa a kan ganye.

Abin da ake nema kuwa ƙwayar sanƙarau ce. Wata tsohuwar likita ce ta shirya binciken, gajeriya mai farin gashi, wadda takan rataya tabarau biyu a wuya ta manta da su ta shiga neman na uku.

"Mutane sun san sanƙarau ranar da ya riƙe wuya," in ji Likita, ranar da ta ɗauki Anti Aa aikin. "Ba su san shi ba a watannin da yake zaune lafiya. Ƙwayar nan baƙuwa ce mai ladabi. Takan sauka a maƙogwaron mutum ta yi wata uku, wata biyar, yana ci yana sha yana zuwa aikinsa, ko ciwon kai bai yi ba. Ya yi tari ta tsallaka wurin maƙwabcinsa, can ma ta shimfiɗa tabarmarta. Sai ta ratsa mutane da yawa kafin ta tarar da ɗaya da jikinsa bai iya da ita ba. To, ni masu ba ta masauki nake nema. 'Yan shekara nawa ne, kuma a ina suka fi yawa."

A bangon ɗakin gwajin ta manna wata babbar takarda, ta ja layi uku. Ɗaya na ƙauyukan bakin tafki, ɗaya na birni, ɗaya na garuruwan kan tudu. Kowane layi ta yanka shi gida-gida, daga jarirai har tsofaffi. Duk farantin da ya fito da ɗigo, sai a manna jan ɗigo a gidan da ya dace.

Da aka zo neman direba, Anti Aa ta kawo wanta. Yaya ya kai shekara arba'in da bakwai, dogo ne, marar yawan magana, kuma mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ya rasa yadda zai yi da ita ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ko ina za a je, sai ya fara sauke Auta a wurin aikinta.

Auta ƙanwarsu ce. Tana 'yar shekara shida sanƙarau ya kama ta, ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ta fito da ranta amma ta baro jinta a can. Yanzu ta ba talatin baya, tana aiki a wata maɗaba'a, ita ke tsaye a kan injin buga takarda wanda ƙararsa ke korar kowa waje. Tana magana, da wata murya da ke hawa da sauka inda ta ga dama, tana karanta leɓen mutane, sauran kuma ta cike da hannu. Shekara da shekaru Yaya ke kai ta aiki ya ɗauko ta, ko ana ruwa ko ana rana. In ta ce za ta shiga motar haya, sai ya ɓata rai kamar an zage shi.

Bakin tafki suka fara zuwa. Sun isa da sassafe, hazo bai tashi daga kan ruwa ba, kwale-kwale suna fitowa daga cikin farin ɗaya bayan ɗaya kamar ba mai tuƙa su. A ƙarƙashin wata rumfa da ake shanya raga aka ajiye wa Anti Aa benci. Mata suka zo da jarirai, ta leƙa 'yan bakunan nan masu ƙanshin nono, marasa haƙori. Yara suka zo, samari suka zo suna ƙi suna so. Wani tsohon masunci ya zauna gabanta ya cire hularsa.

"'Yata, shekara saba'in ina buɗe bakin kifi," ya ce. "Yau ga shi an zo buɗe nawa. Ki dai yi a hankali, kada ki ciro ƙugiya."

Ta yi dariya har tocilar ta girgiza. Daga nan aiki ya miƙa. In mutum ya leƙa baki ɗari a wuni guda, yakan daina ganin fuskoki. Maƙogwaro ya zama mata kamar ƙofar ɗaki mai jan labule, ta tsaya a bakinsa ta yi sallama ta juya. Wani ɗakin fes, wani da alamar taba, wani duk kujerun sun zube sai biyu. Can da azahar, ruwan tafkin yana wurgo haske a rufin rumfar, hasken na rawa a hankali, sai ta ji kamar ita ma benci da akwati duk suna tafiya a kan ruwa, mutane na zuwa ta cikin hazo su buɗe mata baki su wuce.

Sati biyu suka yi suna kai da kawo. Farantan tafki suka kwana a akwatin ɗumi suka tashi kusan wayam. Cikin ɗari huɗu, shida ne kawai suka fito da ɗigo. Likita ta tsaya gaban takardarta ta riƙe ƙugu.

"Baƙuwar ba ta son bakin ruwa bana," ta ce. "Kada ki tambaye ni dalili. Baɗi ma tana iya canza ra'ayi."

Sai birni. Unguwanni suka fara bi, gida-gida, sannan suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai na wata babbar makaranta. Doguwar zaure ce, gadaje masu hawa biyu jere da juna har ƙarshen bango, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, takalma a zube, tagogi rabi a rufe da kwali. A bakin ƙofa durom ɗin ruwa, da kofin roba ɗaya ɗaure da zare. Samari 'yan sha bakwai, sha takwas, sha tara suka yi layi suna ture juna.

"Anti, in kin ga amsar jarrabawa a ciki ki ciro mini," in ji wani mai dogon wuya. "Jiya na haddace ta, na haɗiye."

"Ka ce aa tukuna, mu ga ko ta narke."

Yaya ne ya shigo mata da akwatin farantai. Ya ajiye, amma bai fita ba. Ya tsaya yana kallon gadajen, ya kai hannu ya taɓa ƙarfen ɗaya daga cikinsu kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Shi ma ya yi irin wannan makaranta, ta kwana, har zuwa shekarar da Auta ta kwanta. Bayan hutun nan bai koma ba. A gida an ce ƙiriniya ce ta samari, an yi faɗa, an gaji an bari.

Farantan birni ba su tashi wayam ba. Na jarirai tsit, na tsofaffi tsit, na yara nan da can. Amma gidan samari da 'yan mata ya cika da ja har Likita ta ƙara masa takarda a gefe.

"Kin gani?" ta ce, tana nuni da alƙalami. "Kusan ɗaya cikin biyar a ɗakunan kwanan nan. Lafiyarsu lau, ƙwallo suke bugawa. Numfashi ɗaya suke sha su talatin a ɗaki. Sai a yi hutu, kowa ya ɗauki jakarsa ya tafi gida wurin ƙannensa, da baƙuwa a wuya bai sani ba."

Anti Aa ta juyo don ɗaukar wani faranti, sai ta ga Yaya a bakin ƙofa, da makullin mota a hannu. Ya zo tambaya ne ko a sha mai yau ko gobe. Bai yi tambayar ba. Ya daɗe yana kallon jan nan, sannan ya juya.

Kwana uku suka wuce. Ran na huɗu suka ɗauki hanyar tudu, su biyu a mota, Likita ta tsaya a ɗakin gwaji. Hanya ce doguwa, miƙaƙƙiya, rana na kwance a kan kwalta, can gaba sai ka rantse ruwa ne ya malale, ka matsa ya matsa. Anti Aa ta jingina kai da taga tana gyangyaɗi. Cikin gyangyaɗin ta ji muryarsa.

"Ran Alhamis na dawo hutu," ya ce, idonsa a kan hanya. "Auta ta tare ni a bakin titi. Na ɗora ta a wuya har gida. Na zo mata da biskit, sai ta ce sai dai in gutsura in ba ta. Ran Talata ta fara zazzaɓi."

Anti Aa ta miƙe zaune.

"A asibiti na ji wata nas tana ce wa Inna, ai irin wannan wani ne ke kawo shi gida. Inna ba ta kalle ni ba. Har ta rasu ba ta taɓa ce mini komai ba. Amma ni na ji." Ya rage gudu ya kauce wa wani rami. "Da ina cewa ƙila maganar nas ce kawai. Yanzu ga shi a bango da jan tawada. Ke da kika yi karatun, ki gaya mini. Ni ne?"

"Yaya, shekara talatin fa ke nan."

"Ba shekaru na tambaye ki ba."

"Ba wanda zai iya sani."

"To," ya ce. Ya kunna rediyo, ya kashe.

Garin farko da suka sauka a kan tudu, garinsu ne, inda aka haife su duka uku. Rabon Anti Aa da shi tun rasuwar Baba. Gidansu yana nan, amma an fasa bangon gaba an sa ƙofar ƙarfe, wani mai sayar da siminti ya mai da shi sito. Bishiyar da ke tsakar gidan ce kawai ta leƙo ta saman katanga. Yaya bai tsaya ba, ya wuce da su makarantar firamare.

A aji huɗu aka ba ta wuri. Benci ɗaya yara biyar, kafaɗa na gugar kafaɗa. Iskar garin busasshiya ce, leɓunan yaran duk sun tsage, wasu na tari ƙasa-ƙasa. Suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Aa. Aa. Wata 'yar shekara goma ta zo riƙe da hannun ƙanwarta da ta biyo ta makaranta. Da aka ce ta buɗe baki, sai ta zaro alewa daga kuncinta, ta cusa wa ƙaramar a baki ta ajiye mata, ta ce aa, aka gama, ta karɓe abarta ta mayar.

Anti Aa ta bi su da kallo har suka fita. Zafin azahar ya cika ajin, kwanon rufi na ɗan ƙara, ƙudaje na kewaya a hasken taga. Ta zauna a kujerar malami don ta huta minti biyar, sai ajin ya fara nisa. Ta ga ɗakin Inna. Ta ga katifa ɗaya a ƙasa, da zane ɗaya, da wasu yara mata biyu a kai, babbar 'yar goma, ƙaramar 'yar shida. Ƙaramar ba ta barcin rana sai ta cusa fuskarta a wuyan babbar. Hanci da hanci suke kwana, suna hura wa juna iska a ido don a ga wa zai fara ƙiftawa. Ta ji ɗumin numfashin nan a fuskarta, da ƙanshin sabulun wanki a zanen, har ta ɗaga hannu za ta gyara wa ƙaramar kwanciya. Hannun ya bugi akwatin farantai. Ta farka, wani yaro tsaye gabanta da baki a buɗe, ya gaji da jira.

Sati uku suka yi suna zuwa garuruwan tudu suna dawowa. Da farantan suka nuna, Likita ta cire tabarau ɗaya ta sa ɗayan, ta sake duba takardar.

"Ikon Allah," ta ce. "Zo ki ga."

A layin tudu, jan bai taru a gidan samari ba. Ya sauko ƙasa, ya yi dandazo a kan 'yan shekara biyar zuwa sha huɗu, ya fi kauri a wajen tara, goma, sha ɗaya. Samarin akwai, amma ba su kai rabin yaran ba.

"Ƙwaya ɗaya, hali uku," in ji Likita. "A tafki ta ƙi sauka, a birni samari take bi, a tudu kuma 'yan firamare. Na karanta cewa haka take yi a wurare masu irin wannan iska, amma gani ya kori ji."

"Likita, shekara talatin da suka wuce ma haka take a can?"

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau. Ta san labarin Auta.

"Ba mu auna ba a lokacin. Mai yiwuwa ne. Me ya sa?"

"Ina 'yar goma. Katifarmu ɗaya."

Likita ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Ku nawa ne a gidan?"

"Tara, har da 'yan haya."

"Da maƙwabta, da 'yan ajinta, da mai sayar da kayan miya da ke lakace mata kumatu. Takardar nan tana gaya mini inda zan fara kai rigakafi ne, 'yata. Ba ta san sunan kowa ba. Ke da kanki kika ƙi rubuta sunaye."

Anti Aa ta gyaɗa kai. Ta san gaskiya ce. Amma duk yammacin ranar, tana wanke kwalabe, ɗumin numfashin nan bai bar fuskarta ba.

Ran Asabar da la'asar suka haɗu a gidan Auta, kamar yadda suka saba. Ɗaki biyu ne a saman bene, bango duk ta liƙe shi da takardun da inji ya ɓata, masu launi a kan launi, don ta ce sun fi na kirkin kyau. Ta dafa shayi, ta shiga kicin yanka burodi. Anti Aa ta ga dama ta samu.

"Yaya, ba kai ba ne," ta ce a hankali. "Sakamakon tudu ya fito. A garinmu 'yan shekara goma ne suka fi ɗauke da ita. In ma wani ne a gidan, ni ce. Ni ke kwana da ita."

Ta zaci zai ji sanyi. Sai ya ajiye kofinsa da ƙarfi.

"Kada ki soma. Ke yarinya ce a lokacin, me kika sani?"

"Kai me ka sani? Ai ba da sani ake ɗaukarta ba."

"Shekara shida kuna kwana tare ba abin da ya same ta. Na dawo, kwana biyar ta kwanta. Wannan ba sai an yi karatu ba."

"A makarantarku wani ya yi sanƙarau a shekarar?"

"A'a."

"A tamu yara biyu suka yi. Na tuna, har aka rufe aji."

"Duk da haka ni ne."

"Yaya, ka ji fa abin da nake..."

Tire ya sauka a kan tebur, cokula suka yi tsalle. Auta ce tsaye, ta daɗe a bakin ƙofar kicin tana karanta bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna Yaya, ta nuna Anti Aa, ta kama kunnenta ta ja.

"Wannan kuke rabawa?" ta ce, muryarta ta haura sama. "Gado ne? Kunnena ne fa. Ina raye."

Ta zauna tsakaninsu, ta juya fuskar Anti Aa da hannu ta ce ta yi mata bayani tun daga farko, a hankali, kada ta rufe baki. Anti Aa ta yi. Ta faɗi baƙuwar, ta faɗi tafki da birni da tudu. Inda leɓe ya gaza ta zana da yatsa a kan tebur. Auta na bi, tana ɗaga gira. Da aka gama sai ta juya wurin Yaya.

"Shi ya sa ka bar makaranta?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗago haɓarsa, domin ba ta jin mai sunkuye.

"Shi ya sa kullum mota, mota, mota? Na ɗauka sona kake yi."

"Ina son ki mana."

"To ka so ni ka bar ni in shiga bas. Akwai wata da nake son mu riƙa tafiya tare, muna hira da hannu. Kai kana tuƙi, ba ka kallona, tafiyar minti arba'in kamar an ɗauko buhu."

Anti Aa ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Yaya ya yi ƙoƙari ya haɗe rai, abin ya ƙi.

Auta ta zuba musu shayi. Ta daɗe tana juya nata. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta kwanta a kan takardun bango, launukan suka yi kamar suna motsi.

"Ba ku taɓa tambayata abin da na tuna ba," ta ce. Wannan karon muryar ta yi ƙasa sosai, sai da suka matso. "Na tuna ranar da ka dawo. Ina kan wuyanka, kana yin fito da baki, ina jin fiton ta cikin ƙafafuna. Na tuna ke kina ƙirga mini ɗaya zuwa ɗari in yi barci, kullum sai kin tsallake sittin. Na tuna ruwa a kan kwano. In na yi mafarki har yau ina ji. Duk mutanen da na sani daga baya, a mafarki ba su da murya, baki kawai suke motsawa. Ku biyu da Inna da Baba ne ke magana. Kai muryarka ta saurayi ce har yanzu. Ke kuma ta yarinya, siririya kamar ta sauro."

Yaya ya rufe fuska da tafin hannunsa, kafaɗunsa na rawa. Auta ta bar shi ya yi, ta tura masa burodi kusa.

"Ina so in gan ta," ta ce wa Anti Aa.

"Wa?"

"Baƙuwar taku."

Ran Litinin Auta ta shiga bas. Yaya ya raka ta har tasha, ya tsaya sai da motar ta ɓace, sannan ya rasa abin da zai yi da sauran safiyar, ya je ya wanke motar aiki sau biyu. Da ta tashi daga aiki, da kanta ta nemo ɗakin gwajin, da tawada a farcenta. Likita ta tarbe ta, ta sa aka ba ta farar riga. Anti Aa ta ɗauko wani ɗan gilashi da aka riga aka kashe ƙwayoyin da ke kansa aka rina su, ta ɗora a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta daidaita, ta ja da baya.

Auta ta sa ido. Da farko haske kawai ta gani, fari, zagayayye kamar wata. Anti Aa ta kama yatsunta ta ɗora a kan abin murzawa. Ta murza kaɗan. Sai ga su sun fito daga cikin hasken, 'yan mitsi-mitsi, ja-ja mai haske, bibbiyu, kowace biyu sun fuskanci juna kamar ƙwayar wake da aka tsaga ba a raba ba. Sun bazu ko'ina, wasu a tare, wasu can gefe su kaɗai.

Ta daɗe a sunkuye. Yaya ya shigo ya tsaya a bayanta, bai taɓa ta ba. Da ta ɗago, zoben madubin ya fito a kewayen idonta. Ta haɗa babban yatsa da manuni har suka kusa taɓa juna, ta ɗaga musu.

"Ɗan wannan?"

"Ko kusa," in ji Anti Aa. "Sau dubu aka girmama shi."

Auta ta girgiza kai. Ta sake leƙawa, ta ɗago.

"Launin yana da kyau," ta ce. "A inji da wuya a samu irinsa, sai an haɗa uku." Ta matsa gefe, ta jawo hannun rigar Yaya. "Zo ka gani. Kada ka danna ido da ƙarfi."

Yaya ya goge hannuwansa a wando, ya lanƙwasa dogon bayansa ya sa ido. Ya ce ba ya ganin komai sai gashin idonsa. Auta ta dube shi, ta dubi Anti Aa don a maimaita mata, sannan ta kama yatsunsa ta ɗora a kan abin murzawar, ta riƙa juya masa a hankali har ya ce, "Tsaya. Tsaya nan."